Farin Tamfol a Bayan Darini

Shekarar da 'yan bindiga suka hana mu zuwa gona, sai aka koma duba amfanin gona da tauraron ɗan'adam. Injiniya Asama'u ta ɗauke ni aikin shimfiɗa tamfol biyu, fari da baƙi, a tsohuwar masussuka bayan garinmu Darini. Wai hayaƙi da tururin sama suna dusashe hoto, da farin da baƙin take daidaita wa tauraron ido.

Na kafa turaku ina fito, ko bisimilla ban yi ba.

"Malam Armaya'u, sha ɗaya saura kwata tauraron zai wuce," in ji ta. "Ko kaza kar ta taka farin nan."

Ni za a ce wa kar? Ni da na taɓa ɗaure wa liman takalma? Tana duƙawa kan na'urarta ta auna rana, na lallaɓa na miƙe a tsakiyar farin, ina washe wa sama haƙora. A ga ɗan Darini a duniya.

Tsuntsaye suka yi tsit. Na ji warin tsohuwar toka.

Na yunƙura. Bayana ya manne.

Daga ƙarƙashin tamfol yatsu suka kama ni, sanyi ƙalau, a wuya, a ƙugu, a agara. Ba na mutum ɗaya ba.

"Kar ka motsa," wata murya ta raɗa daga cikin ƙasa. "Idon yana zuwa. Rufe mu."

Na buɗe baki. Babu sauti.

Da lokacin wucewar tauraron ya shige, Asama'u ta ɗago, ta dubi inda nake sosai. "Fari tas. Ina wannan tsohon ya shige kuma? Badaru, zo mu naɗe."

Direbanta Badaru ya kama gefe. Farin ya taso, ya rufe ƙafafuna.

"Yana da ɗumi," muryar ta ce. "Mu riƙe shi."

Farin ya kai ƙirjina.

Haɓata.

Turke ɗaya ya ƙi fita. Asama'u ta dafa shi, ta ce, "Bisimillahi."

Aka sake ni. Na fasa ihu, Badaru ya yi cikin gero da gudu.

Bayan kwana uku ta kira ni. Ta jefar da hoton ranar, domin farin tamfol ya fito ya fi baƙin tamfol duhu.

Na sa Hansai, matata, ta canja zanin gado zuwa shuɗi, na kyautar da fararen riguna. Saura farin ƙyalle ɗaya da ba a tambayar mutum kafin a naɗe shi ciki. Na roƙi liman, in ranar ta zo, ya ɗaga murya da bisimillar.