Kifin da Ba a Tsaga Ba

Wuƙa na hannun Yuleidis lokacin da ta ji dariyar.

Siririyar dariya ce, irin wadda ake yi don a ji, ba don wani abu ya ba da dariya ba. Ta leƙa ta tagar kicin. Ga su can ƙarƙashin mangwaro, a teburin da ya fi kowanne inuwa: Eliécer, da mahaifiyarsa Doña Eufemia, da Marelvis, 'yar mai sayar da injin kwalekwale a Magangué, cikin farar riga.

Farar riga! A wurin cin kifi!

"Ki bar leƙen nan, mai zai ƙone," in ji Goggo Petrona, mai mashayar, tana shigowa da faranti. "Yau Juma'a ce ta azumin kafin Ista, ba mai taɓa nama. Rabin masuntan kogin nan suna waje da kwalba a hannu, suna jiran kifi."

"Goggo, kin ga wadda suka zo da ita?"

"Na ga mutum uku masu jin yunwa."

"Dafa masa hannu take yi!"

"Hannunsa ne, 'yar nan. Ke kika sake shi."

Gaskiya ne, shi ya sa ya yi zafi. A rawar sabuwar shekara Doña Eufemia ta toshe hanci a gaban jama'a, ta ce ɗanta ba zai kawo mata surukar da ke warin man suya ba. Eliécer, wanda yake ja da kogin Magdalena ko ya cika ya batse, ya tsaya yana kallon takalminsa. Maza da yawa haka suke: ba sa tsoron kada, sai uwa.

Tun daga ranar Yuleidis ba ta ƙara yi masa magana ba. Ta zaci zai zo ya durƙusa. Ga shi ya zo, amma da rakiya.

"Kifin bocachico uku," in ji Goggo Petrona. "Biyu manya. Na yarinyar ƙarami, a cire kai. Wai ba ta son kifi yana kallonta."

"Kifin ma ba ya son kallonta."

"Yuleidis!"

Ta jawo kifin farko. Bocachico daɗi ne da shi, amma cikinsa ƙaya ce kamar an zuba allurai, sai an bi shi da wuƙa, tsaga kusa da tsaga, daga wuya har wutsiya, yadda ƙayoyin za su kakkarye su soyu su zama ƙurus-ƙurus. Duk gaɓar nan ba hannun da ya kai nata. Ta tsaga na Doña Eufemia. Ta tsaga na Eliécer, a hankali, tana jin haushin kanta.

Sai ta ɗauko ƙaramin.

Dariyar ta sake tashi.

Yuleidis ta fille kan, ta ja wuƙar sama-sama a 'yan wurare, ko fata ba ta ratsa sosai ba, ta jefa shi cikin mai. Da ya soyu ta lulluɓe shi da albasa da lemon tsami, ta jera soyayyar agada da rogo a gefe. Ba mutuwa take nema wa Marelvis ba. So take ta ga farar rigar nan tana tari, tana tsamo ƙaya daga baki a gaban kowa.

Goggo Petrona ta kwashi farantan. Yuleidis ta koma taga.

Eliécer ya dubi nasa. Ya dubi na Marelvis. Ya sa yatsa ya ture albasar, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago ido, ya dubi tagar kicin kai tsaye.

Ta noƙe. Da ta sake leƙowa, sai ta ga ya ɓalle kan nasa kifin, ya tura wa Marelvis farantinsa, ya jawo nata gabansa.

"Wannan ya fi soyuwa," ta ji ya ce. "Ci shi."

"Wayyo, Eli! Har ka fara kula da ni?"

Eli!

Hawaye suka cika idon Yuleidis. Kifin da ta tsaga masa da hannunta, shi ya miƙa wa wata, har da cire mata kai. Ita bai taɓa cire mata ko ɓawon lemo ba! Sai da hawayen suka sauka sannan hankalinta ya dawo, ta tuna wane kifi ne yanzu a gabansa.

Yana ci a nutse, yana tsince ƙaya da yatsu kamar kowane masunci. Da an ƙyale shi, da ya gama lafiya. Amma Doña Eufemia ta ɗaga murya yadda za ta kai kicin, don can aka nufa da ita.

"Mahaifin Marelvis ya ce in an wuce bikin Ista sai a sa ranar aure. Har sabon inji ya ware maka, ɗana."

Eliécer ya haɗiye lomar da ke bakinsa gaba ɗaya.

Ya dafe wuya. Ya miƙe, kujera ta faɗi. Tari ya ƙi fita, idanunsa suka yi ja.

Mashayar ta hargitse.

"San Blas, waliyyin maƙogwaro, ka cece shi!"

"A juya farantin! A juya masa farantin!"

"Rogo! Ku tura masa rogo!"

"Giya dai, ku ba shi giya!" in ji wani tsoho, yana miƙa kwalbar da ya riga ya shanye.

Yuleidis ba ta san lokacin da ta fito ba. Ta fizgi hantsakin da ke rataye bakin ƙofa, ta ture Marelvis, ta zaunar da shi, ta riƙe haɓarsa zuwa hasken rana.

"Buɗe baki. Buɗe, na ce! Kalle ni... kar ka haɗiye... masoyina, don Allah kar ka haɗiye..."

Ta ja numfashi, ta zura hantsakin. Ta kuskure. Ta sake.

Ƙayar ta fito, doguwa, mai reshe biyu, da ɗan jini a bakinta.

Masunta suka yi shewa, kowa na cewa dabararsa ce ta yi aiki. Marelvis kuwa ba ta yi shewa ba. Yarinyar ba wawuya ba ce. Ta sa cokali ta birkice kifin da ke gaban Eliécer, ta nuna wa Doña Eufemia.

"Mama, duba. Ba a tsaga shi ba. Kuma wannan nawa ne. Ni aka yi wa."

Goggo Petrona ta dubi kifin, ta dubi 'yar ƙaninta, fuskarta ta yi nauyi.

"Ni ce," in ji Yuleidis. "Ba hannun Goggo. Ban kyauta miki ba, Marelvis. Ki yafe ni."

"Kun ji ko!" Doña Eufemia ta buga tebur. "Ka ga abin da na raba ka da shi? Saura kaɗan ta kashe ka!"

"Na gani, Mama." Muryar Eliécer ta dishe, kamar ana jan kwalekwale a kan tsakuwa. "Tun da aka ajiye farantin na gani."

"Ka gani ka ci?"

"Da na bar Marelvis ta ci? Me ta yi?" Ya juyo ga Yuleidis. "Da na mayar da shi kicin kuma, kafin yamma an ji har ƙetaren kogi."

"Sai ka bar shi a farantin, wawa!" Hawaye ya wanke wa Yuleidis fuska. "Wa ya ce ka ci?"

"Tun sabuwar shekara ko gaisuwa ba ki aiko min ba. Yau na ga abin da ya nuna har yanzu kina jin zafina. Ta yaya zan bar shi?"

Marelvis ta ɗauki jakarta. Akwai tabon mai a kafaɗar farar rigar, daidai inda aka ture ta.

"Ku biyun ba ku da hankali," ta ce. "Kun dace." Ta nufi bakin ruwa neman jirgin komawa gida, kanta a sama. Ita kaɗai ce a teburin nan ta fita da mutuncinta cikakke.

Eliécer ya kamo hannun Yuleidis, da mai da ɓawon kifi da komai, ya ɗora a kumatunsa.

"Mama, warin mai kika ce. Shi nake so a gidana. Ranar nan ya kamata in faɗa, na yi shiru. Ko maƙogwarona ya tsage, yau na faɗa."

Doña Eufemia ta miƙe, ta gyara mayafi. Ba ta sa albarka ba, kuma ba wanda ya sa ran za ta sa. Ta dai tsaya tana kallon kifinta, wanda ta ci rabi ba tare da ta tsinci ƙaya ko ɗaya ba.

"Petrona, naɗe min sauran," ta ce.

Goggo Petrona ta naɗe mata a ganyen ayaba. Sannan ta ja kunnen Yuleidis har sai da ta yi ƙara.

"In kika sake yi min haka a kicina, ko wa kika yi wa, kin bar min wuƙata har abada. Wuce, mutane na jin yunwa."

Yuleidis ta juya. Eliécer bai saki hannunta ba.

"Ban fa ci abinci ba, masoyiyata."

"Ruwan miya za ka sha, da wannan maƙogwaron."

"Juma'a mai zuwa fa?"

Ta share ido da gefen riga, ta harare shi.

"Ka zo kai kaɗai," ta ce. "Zan tsaga maka."