Hoton Mama Na Biyu

A ƙofar ɗakin mata na asibiti ya fara ganinta, rungume da filas kamar jariri, tana musu da mai gadi kan lokacin ziyara. Shi da yake likita a ɗakin, ya ce a bar ta ta wuce. Tun ranar ya raɗa mata Mai Filas, ita kuma take kiransa Likitan Mama, don mahaifiyarta ce a gadon ƙarshe kusa da taga.

Ciwon Mama irin wanda likita kan yi ritaya bai gani ba ne. Fatar fuskarta ta yi duhu, tana ɗayewa. Ya nemi izinin ɗaukar hoto don ya riƙa bin yadda ciwon ke tafiya, ta yarda.

"Wannan na aikinka ne, ɗana, kada wani ido ya gan shi," in ji ta. "Yanzu bari in gyara ɗaurina ka ɗauki nawa."

Ta gyara ɗankwalinta, ta yi dariya har wushiryarta ta bayyana. Ba ta ga ƙarshen watan ba.

Cikin makoki soyayyarsu ta yi saiwa. Yakan rubuta mata: "Mai Filas, kin ci abinci? Kada ki ce e don ki rabu da ni."

Ta amsa: "Na sha shayi. Gidan ya yi mini girma, Likitan Mama."

Baba, mahaifinta, kuwa bai so zancen ba. Ya ce duk ya ga yaron nan warin asibiti yake ji. Ana cikin lallashinsa aka yi ɓarin da ba ya kwasuwa.

Shugaban sashensu ya daɗe yana son a buga labarin ciwon a mujallar likitoci. Saurayin ya faɗa masa marigayiyar ta hana. Shugaban ya ce baƙin layi a kan idanu ya wadatar, mamaci ba ya kai ƙara. Ya ɗauko hoton farko daga kwamfutar ofis, ya rubuta cewa iyali sun amince, ya kuma saka sunan yaron a bayan nasa ba da saninsa ba, wai gata ya yi masa don ƙarin girma.

Wata 'yar ƙanwar Baba, ma'aikaciyar jinya, ita ta gani. An rufe idanu, amma ga wushirya, ga tabon haɓa. Kafin yamma hoton ya zaga wayoyin dangi, hoton matar da ko maƙwabta ba ta yarda su ga fuskarta ba.

Saƙon Mai Filas gajere ne: "Na ga sunanka tare da fuskar uwata. Kada ka sake nemana."

Ya yi kuka, babu abin ɓoyewa. Sannan ya sanar da mujallar cewa ba a samu amincewar kowa ba, a janye rubutun har da sunansa. Abokan aiki suka ce ya tona rijiya ya faɗa. An yi watanni ana bincike, aka janye, aka cire hoton. Ƙarin girman ya wuce shi, aka tura shi wani ƙaramin asibiti a bayan gari.

Sai a lokacin ya je gidan. Ya durƙusa gaban Baba, ya ce laifinsa ne da ya bar amanar a kwamfutar da kowa ke taɓawa. Mai Filas tana bayan labule tana ji.

"An cire a can, na ji," in ji Baba. "Wa zai cire mini a nan? Shekara talatin muna tare, amma in na rufe ido wancan hoton kaɗai nake gani."

Saurayin ya zaro ambulan daga aljihu. Ya daɗe da wanke hoton na biyu, tsoron tayar musu da miki ya hana shi kawowa.

"Wannan ta ce shi ne nata, Baba."

Baba ya riƙe shi da hannu biyu. Ciwon yana nan a fuskar, amma dariyar ta fi shi ƙarfi. Ya daɗe yana kallo, hawaye na bin gemunsa.

"Ɗaurin ya karkace," ya ce. "Kullum haka take yi." Ya juya wajen labule. "Fito ki ga uwarki. Ki kawo wa yaron nan shayi."

Bikin bai yi taro ba, albashin ango ma ya ragu. Da za ta bar gida, Baba ya haɗa hannayensu, ya yi musu addu'ar Allah Ya rufa musu asiri kamar yadda ango ya nemi rufa na marigayiya. Amarya ta miƙa hannu za ta ɗauki hoton daga bango, Baba ya dafe shi.

"Ke kin samu likitanki," in ji shi. "Ki bar mini matata."