Tagar da Mai Fenti Ya Toshe

Magariba ta kawo jiki, kaji sun hau makwancinsu. Mai Fenti yana tsugune a bakin rariya yana wanke burushinsa da kananzir, sai ya ji tari daga madafa. Tarin ƙaramin yaro ne, busasshe, irin wanda ke fitowa daga can ƙasan ƙirji. Ya ɗaga kai. Matarsa tana kwashe shanya. Auta, 'yarsu, tana kan tabarma tana tsintar shinkafa. Ban da su babu kowa a gidan, don yayyen Auta duk sun yi aure sun tafi da ƙananansu.

"Kin ji?" ya ce.

"Na maƙwabta ne, Baba," in ji Auta. Amma ba ta ɗago ba, hannunta kuma ya tsaya cak a cikin farantin.

Shi dai Mai Fenti mutum ne da Allah ya jarabce shi da ƙin baƙi a jikin bango. In ya je gaisuwa gidan mutane, bangon yake fara dubawa kafin ya tambayi lafiyar mai gida. Gidansa ya fi na kowa haske a layin, in ka cire wuri ɗaya da ya daɗe yana ci masa rai. A da, can saman murhu akwai wata 'yar taga marar marfi, ta nan hayaƙi ke fita, ya kuma zana wani dogon harshe baƙi ƙirin a bangon da ke kallon titi. Mahaifiyarsa ce mai madafar, kuma tsohuwar ba ta da wasa a kanta. Takan ɗaura tsintsiya a dogon sanda ta kakkaɓe kunkunniya tun ba ta yi kauri ba. Ba a sa mata ɗanyen itace a murhu, ba a hura mata wuta da leda. Duk sanda ya yi zancen tagar, amsarta ɗaya ce, "Ba taka ba ce. Bar ta."

Tsohuwa ta rasu. Ba a daɗe da share makoki ba ya kawo bulo ya toshe tagar, ya shafe da siminti, ya bi ciki da waje da farin fenti. Ko kankare kunkunniyar da ke ƙasa bai yi ba, shi da ya fi kowa sanin fenti ba ya zama a kanta. Ɗoki ne ya ɗebe shi, yana so ya tsaya a titi ya ga bangonsa fes.

Damina ta zo, itace ya jiƙe. Matar ta koma hura wuta da leda da ɗan kananzir, hayaƙi ya rasa hanya sai ya riƙa kewaya ɗakin kamar baƙon da ya rasa ƙofa. Rufin ya yi baƙi, kunkunniya ta sauko zara-zara tana lilo saman tukunya. Idon matar ya fara ruwa, Auta ta karɓi girki. A gefen gurbin tagar wasu ƙananan tabo suka ɓullo ta cikin fentin. Mai Fenti ya yi tsaki ya sake shafawa. Suka sake fitowa, ya sake. Shi a ganinsa maganin kowane baƙi yana cikin gwangwani.

Bayan yammacin da ya ji tarin nan, gidan bai ƙara zama daidai ba. Rana na faɗuwa sai jifa ya fara sauka kan kwano, in an leƙa ba dutse ba ne, curin kunkunniya ne mai tauri, da ɗumi a jikinsa. Farin kayan da aka ninke a akwati sai a ciro su da shatin toka. Sannan tarin ya bar madafa ya koma ƙirjin Auta. Tana tari tana tofar da baƙin majina. Likita ya ce a raba ta da hayaƙi, ya ba da magani. Aka raba ta, ta sha maganin, amma kullum numfashinta ƙara gajarta yake. Yarinyar da dariyarta ke cika tsakar gida ta koma ba ta iya kai magana ƙarshe sai ta huta. Tsoro ya kama Mai Fenti, tsoro na gaske, don ya ga 'yarsa na zamewa daga hannunsa.

Wata magariba suka neme ta a ɗaki ba ta nan. A madafa suka same ta, ta kifa turmi ta hau, tana kartar farin bangon da farce har yatsunta sun yi jini. Uwar ta ƙwala salati. Auta ta juyo a hankali, ta dube su da idanun da ba su san su ba.

"Buɗe," ta ce. Muryar ta wata babbar mace ce, ta dishe.

Washegari da la'asar Mai Fenti ya ɗauko Malam, wani dattijo mai ƙarancin magana da ya shahara da ruƙiyya. Malam bai fara da yarinyar ba. Ya tsaya bakin madafa ya daɗe yana kallon rufin. Matar ta tambaya ko ta kawo garwashi da turare.

"Hayaƙin da ke gidan nan ya isa haka," ya ce.

Aka zaunar da Auta a tsakar gida, uwarta ta riƙe ta. Malam ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Inuwar katanga ta yi tsawo har ta rufe su. Tsuntsayen da ke hayaniya a bishiyar maƙwabta suka yi tsit. Can jikin yarinyar ya sandare, ta yi wani tari da ya sa uwar ta kusa sakinta.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai ɗakin can. Tun ba a haifi wancan ba nake ciki." Yatsa mai jini ya nuna Mai Fenti.

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi ba. Shi ya yi. Taga tamu ce, ta nan muke fita mu sha iska. Ya liƙe mu da hayaƙin roba."

"Ga ƙofa a buɗe."

"Ƙofa taku ce. Tsohuwa ta sa na yi mata alkawari ba za mu bi ta ƙofa ba, kada mu yi karo da jikokinta. Ni na riƙe nawa, Malam. Ina da ɗa ƙarami. Ya yi ta buga bangon nan yana tari, wannan yana zuwa yana shafe wurin da fari. Har ya daina tarin."

Mai Fenti ya zauna a ƙasa.

"Me kike so?" Malam ya tambaya.

"Numfashi aka ɗaukar mini. Numfashi zan ɗauka."

"Ba na yarinyar nan ba."

"To a ba ni na wanda ya toshe."

"Ɗauki!" Mai Fenti ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Wallahi ɗauki nawa, ki bar ta!"

"Rufe bakinka," Malam ya daka masa tsawa. "Ran naka ne da za ka bayar?" Ya juya ga yarinyar. "An zalunce ki, ban musa ba. Amma wanda ya ba ɗanki numfashi shi ya ba wannan, kuma gabansa za ki tsaya." Ya ci gaba da karatu, wannan karon da ƙarfi. Auta ta yi ta murƙususu tana kuka da muryar da ba tata ba, kukan uwa, mai tsinka zuciya. Da ƙyar ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Zan tafi. Ya buɗe da hannunsa, yanzu, kafin duhu ya rufe. Ya kankare duk abin da ya binne. Amma abin da zai gani a gefen tagar, kada ya wanke, kada ya shafe. Ina so ya riƙa gani."

Mai Fenti ya jingina tsani, ya hau da guduma. Bulon da ya ɗora da alfahari ya farfasa shi da hannunsa. Da kafar ta buɗe, wata iska mai zafi da warin ƙonanniyar leda ta wuce ta gefen kunnensa ta fita, a hankali, kamar mai ɗauke da kaya. A tsakar gida Auta ta ja wani dogon numfashi har ƙasan ciki, ta sake shi ba tare da tari ba.

"Inna, ƙishirwa nake ji," ta ce da muryarta.

Da gari ya waye ya ɗaura ƙyalle a hanci ya shiga aikin da ya kamata ya yi tun farko. Ya fara daga rufi, ya kakkaɓe kunkunniyar a bushe, don in ruwa ya taɓa ta sai ta narke ta shige bango. Ya bi da ƙarfen kankara yana ɓare fentin, shafi bayan shafi, duk na hannunsa. Sannan ya wanke da ruwan zafi da sabulu da toka. Matarsa ta fitar da jiƙaƙƙen itace rana, ta tattara ledojin ta kai bola.

Gefen tagar ya bari ƙarshe. Da ya ɗaga ɓawon fentin, tabon da ya yi ta shafewa suka fito sarai. Shatin hannaye ne, ƙanana, kowanne bai kai rabin tafin jariri ba. Na sama suna da ƙarfi, yatsu a ware. Na ƙasa sun yi ta dusashewa, na ƙarshen kuwa jan yatsu ne kawai da ya gangaro ya tsaya. Ya daɗe a kan tsanin, ƙarfen na hannunsa, yana kuka ba sauti.

Auta ta warke, ta yi ƙiba, dariyarta ta dawo. Baƙin harshen nan ma ya dawo bangon titi, abokan sana'a suna tsokanarsa wai mai fenti guda gidansa da gemu. Shi ne yanzu mai ɗaura tsintsiya a dogon sanda, ya bi rufin madafa lungu-lungu. In ya zo gefen tagar sai ya sassauta hannu, ya kewaye wurin a hankali, kada tsintsiyar ta taɓa yatsun.