Atamfar da Yahaya Ya Aiko

Ranar Juma'a Baiwa ta taso daga Dungu da ƙunshin ƙosai a hannu, ta tsaya ƙofar gidan Shekara a Matameye kamar mai roƙo. Ta zo ganin ɗiyarta Sadiyya. Lokacin da aurenta da Yahaya ya mutu, alƙali ya ce yarinya ta isa komawa hannun ubanta, uwa kuma ta riƙa ganinta kowace Juma'a. Baiwa ba ta ja ba. Amma damina ɗaya Yahaya ya yi a gida ya tafi cin rani Kano, rani ya zama shekaru, ya bar yarinya wurin yayarsa Shekara.

"Yaya Shekara, don Allah ko daga zaure in gan ta..."

"Wace ce yayarki? Tana lakwal. Kama gabanki!"

Ƙarya ce. Ta tsagar katanga Baiwa ta hango Sadiyya tana daka, ƙafa ba takalmi, kai duk ƙuraje, wuya kamar sillen kara. Zuhra ɗiyar Shekara, tsararta, tana kan tabarma tana cin gyaɗa. Sadiyya kuwa an daɗe da fidda ta daga lakwal, makarantar boko. Ita ce ɗibar ruwa, ita ce talla, in uban ya kira waya a ce ta tafi karatu. Baiwa ta jingina da katanga hawaye na zuba. "Ya Allah, Kai ka ba ni ita... Kai ke ganin abin da nake gani."

Dangi suka ce ta haƙura, hukunci ya riga ya faɗi. Baiwa ta nufi gidan jastis, ta tsaya gaban alƙali.

"Ranka ya daɗe, hannun uba ka ce, na yarda. To uban ba ya nan."

Aka aika wa Yahaya sammaci. Daga tasha ya wuce kotu, ransa a ɓace, ko gida bai biya ba. Shekara ta zo da yaran biyu, ta wanke Sadiyya ta sa mata tsohuwar rigar Zuhra, Zuhra kuwa ta sha kwalliya da sabon ɗinki.

"Sharri ne, ranka ya daɗe!" in ji Yahaya. "Ba Sallar da ban aiko wa ɗiyata atamfa ba. Ga ta nan ma a jikinta, da hannuna na zaɓe ta a Kantin Kwari." Ya kamo hannun mai sabon ɗinki ya jawo ta gaban alƙali. "Dubi kumatu! Wannan ce ke shan wahala?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Kawu... ni Zuhra ce."

Daga bayan Shekara wata siririyar murya ta fito. "Baba, ga ni nan."

Yahaya ya juya. Ya dubi ƙurajen, ya dubi ƙasusuwan wuyan. "Innalillahi! Yaya, amanar da na bar miki ke nan?"

Nan take alƙali ya sauya hukunci. Sadiyya ta koma wurin uwarta, ta koma lakwal, duk abin da uba zai aiko ya shiga hannun Baiwa. Jandarma suka raka su gidan Shekara, a gaban maƙwabta aka fito da kayan yarinyar ɗaya bayan ɗaya, har da rigar atamfar da ke jikin Zuhra. Har yau Yahaya bai sake sauka gidan ba, a unguwa kuma ba mai ba Shekara ko ajiyar kaza.

A Dungu Sadiyya ta gwada rigar atamfar, ta yi mata yawa, don da awon Zuhra aka ɗinka.

"Inna, a kai wa tela ya rage?"

Baiwa ta share ido da bakin zane. "Bar ta haka, ɗiyata. Za ki cika ta."

Kafin a yanke gero kuwa ta cika ta.