Tashar Bayan Katanga

"Badi'atu... hasken idona, sanyin ƙirjina, kina ji na?"

Ludayin ya suɓuce daga hannun Badi'a ya faɗa tukunyar miya.

Muryar Nata'ala ce, babu tantama. Sai dai yau ba daga 'yar rediyon da ta ɓoye a bayan buhun gero kaɗai take fitowa ba. Daga zaure take tashi, cikin ƙatuwar rediyon mahaifinta Malam Bashari, a gaban dattawan garinsu Masanawa da ke hirar bayan La'asar!

"Na shiga uku..." ta faɗa a hankali.

Inna ta leƙo daga ɗaki. "Ke Badi'a, sunanki nake ji a rediyo? Gasa kika ci?"



Nata'ala mai gyaran rediyo ne a kasuwar Gwarzo. Wata uku ke nan da ya zo neman aurenta, Malam ya sallame shi da magana ɗaya tak.

"Mutumin da ya wuni cikin kiɗa, ko izu ɗaya babu a kansa? A wannan zamani da Shari'a ta dawo? Kada in ƙara ganin ƙafarsa a ƙofar gidana."

Nata'ala kuwa ya bi umarni, bai ƙara taka ƙofar gida ba. Bayan katanga ya koma.

Ya samo wata 'yar na'urar sauti, MP3, ba ta wuce babban yatsa ba. Tsohuwar rediyon motarsa ba ta da inda za a soka ta, sai ya haɗa ta da modileta, wani ɗan abu da ake cusawa a ramin kunna sigari, shi kuma ya aika sautin ta iska zuwa rediyon motar. Garin gwaji ya gano cewa duk rediyon da ke cikin taku ashirin za ta kama, in dai an murɗa ta zuwa lambar da ya saita. Da wani ne, da aibi ya gani. Mai son Badi'a ya ga gidan rediyo.

Kullum sai ya naɗi muryarsa a shago, ya sha hanyar Kabo da galan ɗaya na man bumburutu, yana kashe injin a duk gangara. Ya faka a gindin darbejiya, ya kunna. Minti biyu na zance, sannan haddar da ya fara a ɓoye. Ita kuwa malamar Islamiyya ce, ba ta raga masa. In ya biya daidai ta shanya farin mayafi a katanga, in ya yi kuskure ta shanya jan zane.

Jan zanen nan har ya koɗe don shan rana.

Ta sani sarai wa ya tona su. Mahbub ne, babban ɗalibin Malam, wanda ya nemi aurenta ta ce masa ya yi haƙuri har sau uku. Jiya ta gan shi yana zagaye motar, rediyo manne a kunnensa.

Ta lallaɓa ta laɓe a bakin zaure.

"Allah ya gafarta Malam, ka ji da kunnenka," in ji Mahbub, daɗi ya cika shi. "Yanzu kiɗan zai biyo baya. Ni na san irinsu!"

"Jiya na yi mafarkin ɗanwakenki," in ji rediyo. "Na farka ina tauna gefen matashi..."

Wani dattijo ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari.

Badi'a ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kunya ta ishe ta, amma tsoro ya fi kunyar. In Malam ya rantse yau, ita da Nata'ala sai dai a lahira, don bai taɓa rantsuwa ya janye ba.

Ta hango Malam ya ɗaga hannu zai kashe rediyon.

"To gimbiya, zance ya ƙare, ga karatun jiya. A'uzu billahi..."

Hannun Malam ya tsaya a sama.

Muryar ta ci gaba, tana tafiya kamar jaki da kaya, amma tana tafiya. Leɓen Malam ya fara motsi yana bin ta. Shekara arba'in yana karɓar hadda, kunnensa ba ya iya jin karatu ya ƙyale.

Can sai ya daka wa rediyon tsawa.

"Kai! Dawo baya!"

Rediyo ta yi gaba abinta.

"Na ce ka dawo baya! Ka tsallake aya biyu!"

"Malam, ai ba ya jin ka," in ji wani dattijo.

"Zai ji ni yanzu!"

Ya suri rediyon a hammata, sanda a hannu, ya fice. Dattawa suka bi shi, Mahbub na gaba yana nuna hanya. Badi'a ta ruga cikin gida, ta jawo turmi ta haye, ta leƙa ta saman katanga.

Ga Nata'ala nan a mota, ƙafa ɗaya a waje, yana shan rake hankali kwance, idonsa a katanga yana jiran hukuncin yau. Maimakon zane sai ya ga fuskarta. Ya washe baki.

"Gudu!" ta ce da shi ƙasa-ƙasa. "Baba!"

Ya waiga. Raken ya faɗi.

Ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau ɗaya. Ya sake murɗawa, ta yi shiru. Batirin da ke ciyar da gidan rediyo wata uku ya zaɓi yau ya yi ritaya.

Ya fito ya zube a ƙasa. "Barka da yamma, Allah ya gafarta Malam. An wuni lafiya? Ya ɗalibai? Ya..."

"Riƙe gaisuwarka. Wa ya ba ka karatun nan?"

Nata'ala ya sunkuyar da kai. Ya gwammace sanda da ya ambaci sunanta.

"Ni ce, Baba."

Kowa ya ɗaga kai. Hawaye na zubo mata, amma ba ta sauka daga turmin ba.

"Ka ce ba shi da karatu, shi ya sa ya fara. Ka ce kada ya taka ƙofar gida, bai taka ba. Wallahi Baba, tun ranar ba mu yi magana baki da baki ba sai yau... Ina son sa, Baba."

Kalmar ta fita kafin ta kama ta. Ta rufe fuska da mayafi.

"Ka ji ko, Malam!" Mahbub ya zabura. "Ai wannan..."

"Kai kuma," Malam ya juyo, "kwana nawa kana sauraron wannan tasha?"

"Kwana... huɗu, Malam."

"Kwana huɗu kana jin Musulmi yana tsallake aya, ba ka gyara masa ba, ka tsaya jiran kiɗa? Je ka tura masa mota."

Dattijon nan ya kasa mayar da dariyarsa tari a wannan karon.

Malam ya juyo ga Nata'ala. Sannan ya nuna modiletar da sanda.

"Cire wannan. An rufe tashar nan daga yau. Gobe bayan La'asar ka zo zaure, ta ƙofa, kamar ɗan mutane. Ranar da ka kawo min izu biyar babu gyara, ka turo manyanka."

"Biyar, Malam?"

"Shida."

"Biyar ɗin ma ta yi, Allah ya gafarta Malam!"

Wata takwas ya yi a kan buzun zaure. Ya sha tsawa, ya sha "dawo baya", sau biyu yana fitowa da jan ido. Badi'a na jin komai daga madafi, tana biya masa a zuci, ba ta da ikon taimako. Ranar da ya kai ƙarshen izu na shida ta tsaya riƙe da numfashi, tana jiran tsawar.

Ba ta zo ba.

Aka ɗaura aure bayan an gama girbi. Da za a tafi da ita Gwarzo, ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. Ya dafa kanta, ya kira ango ya matso.

"Nata'ala, na koyar da ɗalibai sun fi ɗari biyar. Ban taɓa samun mai nauyin kai irinka ba."

Nata'ala ya sosa ƙeya.

"Amma kullum na kore ka, gobe kai ne farkon zuwa. Ita wannan tawa akwai tsiwa, sai irinka." Muryar Malam ta karye, ya kau da kai. "Ɗauke ta ku tafi, kafin in fasa."