Safar Hannun Laftana

Ku matso kusa, a rage fitilar nan.

Sallau ɗan acaɓa ya sha cika baki a teburin mai shayi cewa aljani bai isa ya hau bayan babur ɗinsa ba. "Ni da na yi barcin rana a maƙabartar Turawa? Fatalwa ce ma ta yi mini fifita!"

Ƙarya yake. Sau ɗaya ya taɓa shiga, kuma sata ta kai shi.

A maƙabartar akwai kabarin wani matashin soja, Laftana Harold, wanda harsashi ya kashe a yaƙin Turawa ko gemu bai tsiro masa ba. Ɗan wata ƙungiyar asiri ce ta su. Duk shekara wasu tsofaffi masu baƙar kwat sukan zo daga kudu, su tsaya shiru, su kira sunansa, su ajiye ɗanyen reshe da farar safar hannu a kan dutsen. Baba Ɗanladi mai gadi ya ce a ƙa'idarsu ba mai sa safar sai ɗan'uwa.

Sallau ya faki ido ya ɗauke ta. Wai iska na busar masa da hannu.

Ranar da ya fara sa ta, bayan magariba, a hanyar da ta bi bayan maƙabartar, wani ya tsayar da shi. Dogo, gajeren wandon kaki, hula ta rufe fuska. Ya hau. Babur bai ko nutsa ba.

Sallau ya saci kallon ƙasa. Takalman soja, amma ba su taɓa wurin ɗora ƙafa ba. A iska suke.

"Ɗan'uwa," in ji fasinjan. Hausarsa irin ta tsohon bariki, muryar kamar daga cikin randa. "Tsaya. Mu gaisa."

Sallau ya tsaya, ya miƙa hannu. Fasinjan ya kama, ya danna masa gaɓar yatsa da babban yatsa, ya jira. Gaisuwarsu ce, tana da amsa. Sallau bai san ta ba. Sai ya girgiza hannun irin na 'yan tasha.

Fasinjan ya matse masa hannu.

"Kai ba namu ba ne."

"Ranka ya daɗe, aro na yi."

"Uwata ba ta ga kabarina ba. Sau ɗaya a shekara ake tunawa da ni. Shi ma ka ɗauke." Ya ƙara matsewa. "Kana son safar? Riƙe."

Da Sallau ya waiga, ba kowa.

A gida ya ja safar, ta ƙi fita. Ya sa sabulu, ya sa man ja, ya sa almakashi, almakashin ya karye. Kullum matsewa take, yatsun suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Birki ma ya fara gagarar sa. Ya ɓoye hannuwa a aljihu yana cewa sabon yayi ne.

Ran Juma'a, wurin alwala, ya tsuguna can gefe yana zuba ruwa a kan safar.

"Sallau," in ji Baba Ɗanladi da ƙarfi, "alwala da kayan mamaci?"

Duk aka juyo.

"A Kano na saya, Baba!"

"To cire mu gani."

Ya ja, ya ja, sai ya fashe da kuka. Haka jama'a suka tasa shi gaba har kabarin, yara na biye da shi. Ya durƙusa. Baba ya ce ya kira sunan mai shi ya ba da haƙuri.

"Laftana Haruna..."

"Harold, kai ɗan banza!"

Sai da ya faɗa daidai safar ta sulale da kanta ta faɗi kan dutsen.

Mutane suka ja da baya. Hannuwan Sallau daga wuyan hannu zuwa farce sun koma farare fat, sanyi ƙalau, har da jan gashi a bayansu. Ba nasa ba ne.

Suna aiki, yana ci da su. Amma har yau ba mai yarda ya gaisa da shi.

Hanyar nan in rana ta faɗi, kada wanda ya bi ta shi kaɗai.