Loma Ɗaya Kafin Jirgi Ya Tashi

A zamanin da jirgin ƙasa ke tafiya da kwal yana aman hayaƙi, an yi wani makwaɗaici a wata ƙaramar tasha. Ba ya noma, ba ya dako. Da jirgi ya tsaya shan ruwa, sai ya faɗa tarago, ya durƙusa inda matafiya suka kwance guzuri.

"Sannunku da hanya!"

Don kunya sai su ce, "Bismilla." Ya yi ta zuba loma. Da jirgi ya yi kuka, sai ya dire yana lasar yatsa.

Ran nan ya tarar da wata tsohuwa da ƙwaryar dambun nama, guzurinta na kwana uku.

"Sannu da hanya, Iya!"

"Bismilla, ɗan nan."

Jirgi ya yi kuka, ya ce, "Loma ɗaya." Jirgi ya sake kuka, ya ce, "Loma ɗaya." Sai da ya sharce ƙwaryar tas ya ɗaga kai, ya ga itatuwa suna gudu.

Ya kurma ihu, "A tsaya! Ni ba matafiyi ba ne!"

Tsohuwa ta kife ƙwaryarta ta ce, "Zauna, ɗan nan. Tasha ta gaba sai gobe da la'asar. Kai ma ka ɗanɗana tafiya ba guzuri."